Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Kano Kan Cunkoson Titunanmu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da aka ɗora maka. Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, gidana kuma yana Rijiyar Lemo. Ni na riƙe alƙalami, amma maganar ta 'yan majalisarmu ce, mu da muke zama a ƙofar masallacin layinmu bayan sallar isha'i. A cikinmu akwai malamin firamare, akwai direbobin adaidaita sahu biyu, akwai bakanike a Ƙofar Ruwa, akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Akwai kuma saƙon matanmu, wanda uwargidana ta ce in ban saka shi ba kada in tambayi abincin dare. Dukkanmu titin Katsina muke bi safe da yamma, kuma dukkanmu mun gaji.

Abin da ya tayar da maganar shi ne aikin gadar Ɗan Agundi da ta Tal'udu da gwamnatinka ta ɗauko. Mun yi murna, kuma ba za mu yi butulci ba. Duk wanda ya san yadda Ƙofar Nassarawa take kafin gadar saman zamanin Kwankwaso, ko Dangi da Hotoro da Ƙofar Ruwa kafin ayyukan zamanin Ganduje, ya san an yi aiki a garin nan. Sai dai a daren da muke wannan hira, dattijon namu ya jefo tambayar da ta sa kowa ya yi tsit. Ya ce, “Yau shekara sama da goma ana yi mana gadoji. A cikinku wa yake isa wurin nemansa da wuri fiye da yadda yake isa kafin a fara?” Babu wanda ya amsa. Daga wannan shirun aka ce in rubuto maka.

Bari in fara da safiyata, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga ƙofar gidana zuwa Kwari bai kai kilomita goma ba. Ranar Lahadi da sassafe tafiyar minti goma sha biyar ce. A ranar aiki kuwa, in na fito ƙarfe bakwai da rabi da yara uku a baya, ina hawa kwalta nake fara addu'a. Kafin Kurna an tsaya cak. Adaidaita sun yi layi uku a kan titi suna lodi, domin babu inda aka ware musu su tsaya. Can gaba wata tirela da ta taso daga Dawanau ta mutu a tsakiyar hanya tun dare, an zuba ganye a bayanta, yaron mota yana barci a ƙarƙashinta. Mai kurar ruwa yana kutsawa, mai rake ya kafa baro a bakin kwalbati. Sai wani mai gaggawa ya ga ba zai iya jira ba, ya faɗa hannun da ba nasa ba, mutum goma su bi shi, su je su yi gaba da gaba da masu tahowa. Shi ke nan, an kulle. Kowa ya danna hon kamar hon ɗin ne zai ɗaga motar gabansa. Ni kuma idona yana kan allurar zafi, don lagireton motata ba ya son tsayuwa. Ƙaramar 'yata ta san lokacin da za ta fara kuka: da ta ga an wuce ƙarfe takwas ba mu kai barikin Bukavu ba, ta san yau ma za ta yi durƙuso a bakin ƙofar makaranta saboda lattin da ba ita ta jawo ba.

Idan muka samu muka shiga gadar ƙasa ta Ƙofar Ruwa, sai mota ta sha iska, har mutum ya saka giya ta huɗu. Minti ɗaya ne. Kana fitowa ka tarar da duk waɗanda gadar ta saki sun taru a mahaɗa ta gaba suna jiranka.

Wannan shi ne kukanmu na farko, ranka ya daɗe. Gada tana warware mahaɗa ɗaya, ta kwashe cunkoson ta kai wa maƙwabciyarta. Motocin da suke hawa gadar Sabon Gari dole su sauko, kuma inda za su sauko titin nan ne dai na da, mai faɗin da, ga fakin hagu da dama. Da yamma, daga la'asar zuwa isha'i, IBB Way da Bata da bakin Singa sai wanda ya gani. Na daina ƙirga magaribar da ta same ni riƙe da sitiyari. Baƙinmu da suke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru su kan gama ciniki da azahar, amma fitar da dilar kaya daga Kwari zuwa tasha ta cinye musu sauran yinin, motar garinsu ta tashi, su kwana a Kano ba da niyya ba. Wasu sun fara cewa a aika musu kawai, ba sai sun zo ba. Wanda bai zo ba kuwa ba zai ga sabon zane a rataye ya ƙara ba, ba zai ci abinci a wurin mai tuwo ba, ɗan dako ba zai samu nasa ba.

Kuka na biyu ya fi tsawo, kuma a cikinsa zan tona wa kaina asiri. Ni ma ina cikin masu cika titin. Mota ɗaya, mutum ɗaya bayan na sauke yara. Amma ina so ka ji yadda aka yi na saye ta, domin labarin dubban magidanta ne a garin nan.

Da ina yaro, kiya-kiya muke hawa, da tasi mai ɗaukar mutum biyar ko shida. Suka lalace ɗaya bayan ɗaya, acaɓa ta maye gurbinsu. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo adaidaita sahu don mata su samu abin hawa na mutunci. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa. Hujjar tsaro ce, ba mu musa ba. Amma mutanen da acaɓa take ɗauka ba su ɓace ba, masu tuƙa ta ma ba su ɓace ba, duk suka koma adaidaita. Tun daga nan birni guda mai miliyoyin mutane ya rataya a kan babur mai ƙafa uku. A Fabrairun 2021 direbobin suka tafi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum. A Janairun 2022 suka sake tafiya kan kuɗin sabunta takardar izini. Duk wanda yake Kano a kwanakin nan ya ga abin da ya gani: tsofaffi suna taka sayyada daga Bachirawa zuwa cikin gari, ɗalibai sun rasa jarrabawa, mata a bayan kurkura da a-kori-kura kamar buhunan hatsi. Ni da ƙafa na je kasuwa, na dawo da ƙafa.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru bayan an hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, a watan Yulin 2022. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya naƙuda ta kama matar ƙanena. A layinmu akwai adaidaita huɗu a ajiye, babu wanda ya yarda ya fito, kuma ban ga laifinsu ba, don in aka kama babur mai shi ba zai ji uzuri ba. Muka bi gida-gida muna buga ƙofa har muka samu mai mota a layi na uku. Allah ya sauke ta lafiya. Amma a barandar asibiti a daren nan na yi wa kaina alkawarin ko da bashi sai na ajiye mota a ƙofar gida. Kafin shekara ta fita na ɗauki adashi, na cika da abin da ya kamata ya shiga jari, na sayi tsohuwar Golf da ta riga ta ga duniya.

Ka ga ke nan, ranka ya daɗe, ba duk mai mota ne ya saye ta don a ce ya yi kuɗi ba. Akwai masu wannan, kuma mu Kanawa mun san kanmu wajen son a gani. Amma da yawanmu tsoro ne ya sa: tsoron daren naƙuda, tsoron yajin aiki, tsoron a tura 'ya mace makaranta ta tsaya a bakin titi awa guda. Duk shekarar da ta wuce babu abin hawan haya da mutum zai dogara da shi, wasu dubban magidanta za su yi irin lissafin da na yi, su je su ɗauko 'yar Kwatano ko Beljiyam, ko wadda ta gaji a Legas aka yi mata fenti. Ko hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa da gwamnatin tarayya ta yi daga farkon 2017 bai rage masu sayar da mota a bakin titunanmu ba.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne har yanzu masu motar ba su da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ƙiyasta ababen hawa kusan miliyan 12 a duk Nijeriya a 2018, a ƙasa mai mutum kusan miliyan 200. Wato mafi yawan gidaje ba su saya ba tukuna, kuma kowa yana da niyya. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nassarawa da Ungogo da Kumbotso, suna da mutum miliyan 2.8. Jariran da aka haifa a shekarar sun isa karɓar lasisin tuƙi yau. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, mun ga titi ya ɗan yi sauƙi na wani lokaci, don da yawa sun jingine motocinsu. Sannu a hankali aka dawo da su, ana sayen mai lita uku-uku, saboda babu abin da za a koma wa. Mai tsada ma bai raba mu da mota ba, balle nasiha.

Kuka na uku na abokanmu ne masu adaidaita, kuma sun roƙe ni in faɗe shi yadda suka faɗa. Duk lokacin da aka yi maganar gosulo, su ake nunawa da yatsa. Suna da laifinsu: tsayawa ba sigina, juyawa a inda aka ga dama, yara ƙanana da ba su san dokar hanya ba a kan sitiyari. Su ma ba su musa ba. Amma ɗayansu ya ce mini, “Alhaji, ni balas nake nema. Kafin in kai wa mai babur nasa, in sayi mai, in biya haraji, rana ta yi tsaka. In na tsaya bin layi 'ya'yana ba za su ci ba.” A ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin da ta gabata ta fito da motocin Kanawa, bas 100 da tasi 50, ta kuma ce adaidaita su bar wasu manyan tituna, har da hanyar Tal'udu zuwa Gwarzo. Cikin 'yan kwanaki aka janye dokar, don jama'a sun yi cirko-cirko a bakin hanya. Niyyar mai kyau ce, amma an zubar da ruwan tulu tun hadari bai haɗu ba. Bas ɗari ba za ta ɗauki Kano ba, kuma bas ɗin da za ta shiga gosulo ɗaya da kowa, babu abin da zai sa mai mota ya bar motarsa ya hau ta.

Lissafin kuwa ko ɗan kasuwa irina zai iya shi. Babbar bas tana ɗaukar mutum 50. Mutum 50 ɗin nan, in adaidaita za su hau huɗu-huɗu, babur goma sha uku ke nan. In motocin gida ne bibbiyu, mota ashirin da biyar. Titin dai ɗaya ne. Mu a Kwari, in shago ya yi kaɗan, kafin mu rushe bango sai mun fara gyara yadda muka jera kaya.

Sana'a ta kai ni Guangzhou ta ƙasar Chaina, kamar yadda ta kai da yawa daga 'yan Kwari, kuma abin da na gani a can shi ya sa nake da bakin magana. Su ma sun hana babura a tsakiyar birni a 2007, amma jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki tun 1997, ga bas ko'ina. A 2010 suka ware wa bas layinta ita kaɗai a tsakiyar wani babban titi, ka tsaya a tasha minti kaɗan ta zo, ta wuce masu motocin alfarma suna tsaye suna kallo. Sai bayan duk wannan, a 2012, suka taƙaita yawan sababbin lambobin mota da ake bayarwa a shekara, har sai mutum ya shiga ƙuri'a ko gwanjo. Sun tanadi madadi kafin su hana. In an ce Chaina ta yi nisa, ga Legas nan: tun Maris ɗin 2008 take da bas mai layinta daga Mile 12 zuwa CMS, kuma jirginta na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Dattijonmu ya tuna mana cewa Legas ɗin ma ta taɓa gwada gajeriyar hanya a ƙarshen shekarun 1970, aka ce masu lamba mara su fito yau, masu cika su fito gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu. Mu kuma a nan tun zamanin gwamnatin da ta wuce muke jin labarin jirgin ƙasa na cikin gari, mun ga zanensa a jarida har mun haddace launinsa.

Kuka na huɗu shi ne fakin da gine-gine. A nan ma 'yan kasuwa muna da kaso mai tsoka na laifi. Ana gina filaza mai shago ɗari biyu a bakin babban titi ba tare da wurin ajiye mota ko goma ba. Mai ginin ya san kowane taku na filin kuɗin haya ne, don haka ya gine shi har bakin kwata, ya bar wa gwamnati titi ya zama garejinsa. Mota ɗaya a tsaye tana cin kusan mita biyar. Mota ɗari a jere rabin kilomita ke nan na hannu guda da aka kashe kuɗin jama'a aka shimfiɗa, ya koma wurin kwanan motocinmu daga safe zuwa magariba, kyauta. Je ka titin Ibrahim Taiwo ko titin Gidan Zoo ko wajen Farm Centre da rana tsaka ka ƙirga hannu nawa ya rage wa masu tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: kowane gini da takardar izini aka yi shi, ko kuma an yi shi ana kallo. Dattijon ya ce tun 1963 aka zana wa Kano tsarin raya birni na shekara ashirin, wa'adinsa ya ƙare a 1983. Unguwanni irin tamu da awon igiya suka girma, lungu ya bi lungu, babu wata hanya da za ka bi daga Rijiyar Lemo ka fita sai ka dawo titin Katsina. Duk ruwan unguwannin arewacin gari kwata ɗaya yake bi, dole ta cika ta yi ambaliya. A kan wannan kwatar ne kuma manyan motocin Dawanau suke bi da rana tsaka, wasu su shigo har Singa su sauke kaya a kan kwalta ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Na biyar gajere ne. Tun da aka kafa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, a 2012 an samu sauyi, kuma yaran da suke tsayuwa cikin rana da ƙura suna ba da hannu sun cancanci a gode musu. Amma doka a titin Kano tana da idon ganin wanda za ta kama. Wata rana wani mai kaki, ba zan faɗi na wace hukuma ba don masu kaki a titi sun fi kala uku, ya zare mini makulli saboda tayata ta taka layi a danja. Muna cikin magana wata baƙar jif mai duhun gilashi ta biyo hannun da ba nata ba da jiniya, ya ƙame ya sara mata. Ban ce kada a hukunta ni ba. Amma yaron adaidaita da ya ga haka, da wane baki za a ce masa ya bi layi? Haka masu toshe titi da rumfar ɗaurin aure ko taron siyasa, kowa ya ga dama ya kafa kujeru.

Saƙon matanmu kuwa ga shi. Sun ce duk wannan magana ta masu abin hawa ce, su da yara da tsofaffi a ƙasa suke. Babu gefen da mai tafiya da ƙafa zai bi, don inda aka yi shi 'yan tebur da masu fakin sun cinye. Tsallaka titi a Kurna da goyo a baya da yaro a hannu sai an yi shahada. Sun kuma ce in gode maka kan motocin ɗaukar ɗalibai mata da aka farfaɗo da su, in kuma ce maka duk bas ɗaya ta 'yan makaranta tana cire iyaye da yawa daga titi da safe.

To, ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon kafin a sake ba da kwangilar wata gada, a ɗauki babban titi ɗaya a ware wa bas hannunta ita kaɗai, da shinge na kankare, don fenti ba ya hana Bakano shiga. Son kai zai sa mu ce a fara da titin Katsina, daga Dawanau zuwa Bata, amma ko titin Zariya ko na Gwarzo aka zaɓa za mu yi murna. A zuba motoci isassu a layin nan guda har mutum ya daina duba agogo, maimakon a warwatsa su ko'ina a rasa su ko'ina. A sa kuɗin gyara da na kayan gyara a cikin kasafi tun ranar saye, domin mun sha ganin motocin gwamnati sun yi shekara biyu sun koma kan duwatsu. A ware wa mata ɓangarensu. A bar wasu suna aiki har tsakar dare, musamman masu bi ta manyan asibitoci.

Muna roƙon a zauna da ƙungiyoyin masu adaidaita tun kafin a zana komai. A ba su aikin kwaso mutane daga cikin unguwanni zuwa tashoshin bas, a gina musu wuraren tsayawa a gefen kwalta, a ɗauki direbobi da kwandastoci daga cikinsu, a bar ƙungiyoyinsu su sayi hannun jari a motocin. In aka bar su a waje, ranar da aka ƙaddamar za su ajiye babura, mu koma takawa da ƙafa, a sake janye doka kamar 2022.

Muna roƙon hukumar tsara birni, KNUPDA, ta daina sa hannu a kan duk wani ginin kasuwanci da bai nuna wurin fakin ba, a kuma samar da manyan wuraren ajiye motoci kusa da Kwari da Singa da Sabon Gari, ko da masu hawa-hawa ne da 'yan kasuwa za su zuba jari. Bayan an samar, a sa kuɗi a kan fakin a bakin titi, da rasit, kuɗin ya tafi gyaran bas. Na san 'yan layinmu a kasuwa ba za su ji daɗin wannan daga bakina ba. Ni zan fara biya.

Muna roƙon a sa wa manyan motoci lokaci: su shigo cikin gari su sauke kaya daga bayan isha'i zuwa asuba, da tsaro da fitila don 'yan dako su yi aiki cikin kwanciyar hankali, masu wucewa kuma su bi baifas. A ajiye motar janwe a Kurna da sauran wuraren da aka san ana maƙalewa, kada tirela ta kwana ta yini a kan hanya. A buɗe wasu hanyoyin a cikin unguwanni, a kwalta su, a haɗa su da juna, ko da za a biya diyyar 'yan gidaje.

Muna roƙon a wallafa kowane laifin hanya da tararsa a rediyo da alluna, a biya ta banki, kada kuɗi ya bi ta hannu. Kuma dokar bin hannu ta fara daga ayarin manya. In aka ga motar kwamishina ta tsaya a danja, an gama rabin wa'azin.

Game da jirgin ƙasa, muna roƙon a fito a gaya wa jama'a inda maganar ta kwana, da hanyar da zai bi, don a daina gini a kanta tun yanzu.

Roƙo na ƙarshe daga malamin firamaren namu ne. Ya ce wata Litinin, ba sanarwa, ba jiniya, ka sa hula ka zo Rijiyar Lemo ƙarfe bakwai da rabi na safe, tare da kwamishinan ayyuka da na sufuri. Ɗaya daga cikin direbobinmu ya yi alkawarin zai kai ku Bata a adaidaitarsa, ba zai karɓi ko sisi ba, sharaɗinsa ɗaya ne: kada a share muku hanya.

Allah ya taimaki Mai Girma Gwamna, ya ba Kano lafiya da zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, a madadin 'yan majalisar ƙofar masallaci, Rijiyar Lemo, Kano.